Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Sauyin Yanayi da Rumbun Yusufu

Karatu: Farawa 41:25-40

  

Labarin da ke cikin karatunmu na yau sananne ne, ko yaran makarantar Lahadi sun san shi. Fir'auna sarkin Masar ya yi mafarki biyu a dare ɗaya, na shanu da na zangarniyar hatsi. A kowane ɗaya, bakwai marasa kyau sun cinye bakwai masu kyau. Masu hikimar fada suka kasa ba da ma'ana, sai aka tuna da wani Ba'ibrane da ke kwance a kurkuku, aka ɗauko shi. Yusufu ya bayyana wa sarki cewa shekara bakwai na ƙoshi suna zuwa, bayansu kuma shekara bakwai na yunwa mai tsanani.

Ina so ku lura da abu guda a wannan sura. Fassarar mafarki kaɗai Fir'auna ya nema, amma Yusufu bai tsaya a fassara ba. Daga aya 33 ya shiga ba da shawarar da ba a tambaye shi ba: a nemi mutum mai hankali a sa shi bisa aikin, a naɗa wakilai a ƙasar, a riƙa tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekarun ƙoshi, a ajiye a birane. Yusufu ya gane cewa idan Allah ya bari mutum ya san abin da ke zuwa, don ya shirya ne. Gargaɗi alheri ne. Wanda aka gargaɗe shi, an ba shi lokaci.

'Yan'uwa, mu ma an yi mana gargaɗi a zamaninmu. Namu ya zo ta wurin ma'aunin zafi da ma'aunin ruwan sama, ya kuma zo ta wurin abin da idanunmu suke gani a gonakinmu. Sunansa sauyin yanayi.

Dattawan da ke saurarona sun tuna farin 1973, sun tuna na 1984, lokacin da shanu suka yi ta mutuwa a hanya, iyalai suka bar garuruwansu suna neman abinci. A 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Kafin tsakiyar shekarun 1980 ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100, masu su da masu bandar kifi na Baga suka riƙa bin ruwa yana guje musu. Daga baya ruwan sama ya ɗan komo, tafkin ma ya ɗan farfaɗo. Amma ruwan da ya komo ya zo da wani hali dabam. Manomi zai yi shuka da ruwan fari, sai sama ta ɗauke har shuka ta ƙone, ya sake sayen iri. Sa'an nan a watan Agusta ruwan kwana da yawa ya sauko a dare ɗaya. A 2012 ambaliya ta kashe mutum fiye da 360 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. A 2022 ta kashe fiye da 600. A ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta fashe, ruwa ya mamaye babban ɓangaren Maiduguri. A daminar 2024 kuma ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a Jamhuriyar Nijar. Zafi ma haka. A ranar 3 ga Afrilu 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali.

Me ya kawo wannan? Bari in bayyana a sauƙaƙe. Allah ya lulluɓe duniya da iska kamar yadda uwa take lulluɓe jariri da bargo. Hasken rana yana shigowa ya ɗumama ƙasa, ƙasa kuma ta mai da zafin sama. A cikin iskar akwai wata kaɗan da ake kira iskar kabon, wadda take riƙe wani kashi na wannan zafi. Da babu irin waɗannan iskoki, da duniya ta daskare da sanyi. Bargon kansa baiwa ce daga Mahalicci. Amma duk lokacin da aka ƙone kwal, ko man fetur, ko gas, ko aka sare daji aka sa masa wuta, ana ƙara iskar kabon a sama, bargon yana ƙara kauri. Kowa ya san yadda mutum yake ji in an rufe shi da bargo biyu a watan Afrilu.

Wannan sani ba na jiya ba ne. A 1859 wani masani ɗan Ailan, John Tyndall, ya gwada a ɗakin bincike ya nuna cewa iskar kabon tana riƙe zafi. A 1896 Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ya yi lissafin yadda duniya za ta ɗumama idan iskar ta ninka. A 1958 Charles Keeling ya fara auna ta a kan dutsen Mauna Loa a tsibirin Hawai, ya sami wajen kashi 315 cikin miliyan. Kafin zamanin masana'antu wajen kashi 280 ne. Yanzu ta wuce 420. Hukumar yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto cewa shekarar 2024 ta fi dukan shekarun da aka auna kafin ta zafi, ta ɗara zamanin kakanninmu na ƙarshen ƙarni na 19 da wajen digiri ɗaya da rabi.

Wani zai ce, digiri ɗaya da rabi har wani abu ne? Tambayi uwar da zafin jikin ɗanta ya tashi daga 37 zuwa 38 da rabi. Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: iska mai zafi tana shan ruwa fiye da mai sanyi. Kowane digiri ɗaya yana ba iska ikon ɗaukar ƙarin laima wajen kashi 7 cikin 100. Saboda haka tana busar da gona da sauri, in kuma ta tashi zubarwa sai ta zubar gaba ɗaya. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya duba hotunan tauraron ɗan adam tun daga 1982, ya gano cewa manyan hadura mafi ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku.

Gaskiya ta wajabta mu ƙara wannan: ba kowane fari ko kowace ambaliya ce za a ɗora wa hayaƙin masana'antu ba. An yi yunwa a zamanin Yusufu, babu mota ko ɗaya a duniya. Madatsar da ba a gyara ba za ta fashe, magudanar da aka cika da shara za ta toshe, gidan da aka gina a hanyar ruwa zai rushe. Abin da ɗumamar duniya take yi shi ne, tana ƙara wa tsohon ciwo nauyi, tana sa ya riƙa dawowa a kai a kai.

To, idan aka kawo wannan magana a cikin ikkilisiya, amsa uku nake yawan ji. Bari mu auna su da Maganar Allah.

Amsa ta fari ita ce, "Ikon Allah ne. Shi yake ba da ruwa, shi yake hanawa. Ai ya yi wa Nuhu alkawari cewa lokutan shekara ba za su ƙare ba." Gaskiya ne, Allah ne mai iko, alkawarinsa a Farawa sura 8 da 9 kuma yana nan daram. Amma bayan wannan alkawari an yi yunwa a kwanakin Ibrahim, an yi a kwanakin Ishaku, an yi a kwanakin Yusufu. Alkawarin bai ɗauke wa mutum sakamakon aikin hannunsa ba. Tun a Farawa sura 2 Allah ya sa mutum a gona domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Yusufu ya fi mu duka gaskata ikon Allah, shi ne kuma ya gina rumbuna. Wanda ya sare itatuwan gonarsa ƙaf, iska ta kwashe masa ƙasa, sa'an nan ya ce ikon Allah ne, yana ɗora wa Allah laifin gatarinsa.

Amsa ta biyu ita ce, "Alamun ƙarshen zamani ne. Yesu yana dawowa, me za mu yi da dashen itace?" Hakika a Matiyu sura 24 Ubangiji ya ambaci yunwa cikin abubuwan da za su faru. Amma ku karanta surar har ƙarshenta. A can ya ce ba wanda ya san ranar, ya kuma ba da misalin bawan da maigida ya sa bisa gidansa domin ya riƙa ba mutanen gidan abinci a kan kari. Bawan da aka yaba shi ne wanda maigida ya dawo ya tarar yana bakin wannan aiki. Idan Ubangiji ya dawo gobe, gara ya same ni ina ba dashe ruwa da ya same ni na naɗe hannu, maƙwabcina yana kwana da yunwa.

Amsa ta uku ita ce, "Ƙaryar Turawa ce, siyasa ce kawai." Ma'aunin zafi ba shi da jam'iyya, 'yan'uwa. Littafin Misalai ya koya mana cewa Allah yana ƙin ma'aunin zamba, yana jin daɗin na gaskiya. A 1988 aka kafa kwamitin masana na duniya domin su tattara abin da aka auna. Ɗaya daga cikin waɗanda suka shugabanci sashen kimiyya na kwamitin har zuwa 2002 shi ne John Houghton na Birtaniya, mai bi ne na sosai wanda bai taɓa ɓoye bangaskiyarsa ba, ya rasu a 2020. A 2021 kwamitin ya bayyana cewa babu sauran shakka, ayyukan mutum ne suka ɗumama iska da teku da ƙasa.

Amma akwai siyasa a cikin maganar, a nan mai wannan amsa yana da ɗan gaskiya. Siyasar tana kan tambaya guda: wa zai biya? Ƙasashen duniya sun ƙulla yarjejeniya ta fari a birnin Riyo na Birazil a 1992. Aka yi ta Kyoto a Japan a 1997, Amurka ba ta tabbatar da ita ba. A 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 kowace shekara kafin 2020 domin taimakon ƙasashe matalauta. Bisa ga lissafinsu na kansu, sai a 2022 suka cika. A birnin Faris a 2015 aka amince a tsai da ɗumamar ƙasa da digiri 2, a kuma yi ƙoƙari kada ta wuce ɗaya da rabi. Amurka ta fita a 2020, ta komo a 2021, a Janairu 2025 kuma Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan takardar sake fita. A Baku ta Azarbaijan a 2024 aka tsai da dala biliyan 300 a shekara kafin 2035, wakilan Indiya da Najeriya suka tashi suka ce ya yi kaɗan ƙwarai.

Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Ƙasashen Yamma suna cewa ƙasar Sin ce yanzu ta fi kowa fitar da hayaƙi a shekara, ita ma ta sa hannu a aljihu. Ƙasashe masu tasowa suna cewa idan aka tara lissafi tun daga farko, Amurka ce a gaba, Turai ma ta yi arzikinta da kwal. Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin man fetur da kwal da gas na duniya ba, ga shi tana cikin masu shan wahala mafi yawa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Neman adalci a kan wannan ba roƙo ba ne. A Ayyukan Manzanni sura 11, da annabi Agabas ya yi faɗin yunwar da ke zuwa, masu bi na Antakiya suka tara gudummawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa 'yan'uwa a Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Idan waɗanda ba su jawo yunwa ba sun yi haka, ina ga waɗanda hayaƙinsu yake cikin dalilin?

Sai dai mai neman adalci ya duba gidansa. Tun 1984 doka ta hana ƙona gas a rijiyoyin mai na Najeriya sai da izini na musamman, har yau wutar tana ci a yankin Neja Delta. A 2021 gwamnati ta sa hannu a kan dokar sauyin yanayi, ta kuma yi alkawarin daidaita hayaƙin ƙasar kafin 2060. Hakkinmu ne mu tambayi waɗanda muka zaɓa ina aka kwana. Mu kanmu kuma muna ganin motocin gawayi da na itace suna fita daga dazuzzukanmu kowace rana.

Ba za mu zauna muna jiran taron ƙasashe ba. Mene ne rumbunmu? Bari in ba ku labarin abin da ya faru a ƙasar Hausa, a yankin Maraɗi. A 1981 wani ma'aikacin mishan na SIM, masanin aikin gona daga Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, ya zo Nijar. Aikinsa dashen itatuwa, amma yawancin abin da aka dasa rana da iska da awaki suka gama da shi. A 1983 ya lura da ƙananan tsire-tsiren da manoma suke sassabewa kowace shekara kafin shuka. Da ya duba ganyensu, ya gane ashe itatuwa ne, tohon kututturan da aka sare tuntuni, saiwoyinsu suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ba a bukatar sabon dashe. Manomi zai zaɓi toho kaɗan masu ƙarfi a kan kututture, ya yanke sauran, ya yi musu aski, ya tsare su daga dabbobi da wuta. Saiwar da ta riga ta yi zurfi za ta yi sauran aikin. Manoma suka sa wa hanyar suna sassabin zamani.

Da fari an yi wa masu yin haka dariya, don a lokacin gona mai tsabta ita ce wadda babu itace a cikinta. A yunwar 1984 mutane da yawa suka karɓi hanyar saboda ana ba da abinci a madadin aiki, da abincin ya ƙare kuma da yawa suka sare itatuwan. Amma waɗanda suka bar nasu suka ga iska ta daina binne musu shuka da rairayi, mata suka sami itacen girki kusa da gida, dabbobi suka sami ganye da rani. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. A yankin Damagaram manoma suka riƙa barin gawo, itacen da kakanninmu suka san darajarsa: yana zubar da ganye da damina ya zama taki, ba ya yi wa gero inuwa, da rani kuma ya yi ganye da 'ya'ya domin dabbobi. Cikin wajen shekara ashirin, an kiyasta cewa manoman kudancin Nijar sun rayar da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Yawancin aikin da wuƙa da adda aka yi shi. A Ayuba sura 14, bawan Allah cikin azabarsa ya lura cewa itacen da aka sare yana da sauran bege, kututturensa yakan sake toho in ya sami danshi. Abin da Ayuba ya gani, manoman Maraɗi sun mai da shi aiki.

Saboda haka ga abin da nake roƙonku. Kai manomi, kafin ka sa wuta a sassabe na bana, zaga gonarka ka ƙirga kututturan da ke da toho, ka bar wasu. Ka saurari hasashen damina da hukumar NiMet take fitarwa a farkon kowace shekara, ka tambayi malamin gona irin da yake nuna da wuri. Da kaka, kada ka kwashe hatsinka duka zuwa kasuwa lokacin da yake arha, ka dawo kana sayensa ninki a watan Yuli. Ka tuna da kashi ɗaya cikin biyar na Yusufu. Dattawan ikkilisiya, ku yi shawara a kan rumbun majami'a, inda za a tara baikon hatsi na godiyar kaka, a ranta wa mabukata da damina, a rubuta kome a fili. Zumuntar mata, ku koya wa juna murhun da ba ya cin itace da yawa. Matasa na birni, ku yashe magudanan unguwarku kafin ruwan fari. Kowa kuma ya guji gini a bakin rafi, ko da filin ya yi arha.

Abu na ƙarshe ya fi sauran wuya. Rumbun Yusufu ba na ɓoye hatsi ba ne don farashi ya hau. Misalai sura 11 ta nuna cewa mai yin haka la'anar jama'a yake jawo wa kansa. Da yunwa ta zo, Yusufu ya buɗe rumbunan. Masarawa suka ci, baƙi daga wasu ƙasashe suka ci. Wata rana kuma mutum goma suka zo daga Kan'ana, su ne 'yan'uwan da suka jefa shi a rami suka sayar da shi. Ya cika musu buhunansu. A ƙasarmu, yayin da makiyaya da ruwa suke raguwa, mutane kuma suna ƙaruwa, manomi da makiyayi suna ƙara matsuwa a wuri ɗaya, an kuwa zub da jini mai yawa. Na san akwai masu saurarona da suka binne 'yan'uwansu, ba na raina hawayenku, neman shari'a kuma hakkinku ne. Duk da haka fari ba ya tambayar addinin mutum ko kabilarsa, ambaliya ba ta tsallake gidan kowa. Rijiyar da ikkilisiya ta haƙa, da rumbun da ta cika, za su zama shaidar Kristi a ranar da aka buɗe su ga wanda ba namu ba. Shi da ya ciyar da mutum dubu biyar bai tambayi kowa daga ina ya fito ba.

Shekarun da muke ciki, da dukan wahalarsu, su ne lokacin shiri. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, Mahaliccin rana da ruwa da ƙasa, mun gode maka domin ba ka bar mu cikin duhu ba, ka ba mu gargaɗi tun da sauran lokaci. Ka ta'azantar da waɗanda ambaliya da fari suka raba da gidajensu da ƙaunatattunsu. Ka ba shugabannin ƙasashe zuciyar adalci, ka ba namu shugabanni aminci cikin abin da aka danƙa musu. Ka ba manomanmu damina mai albarka, da hikimar ajiya, da hannu mai buɗewa. Ka kawo salama tsakanin manomi da makiyayi. Ka same mu muna bakin aiki a ranar zuwanka. Mun roƙa cikin sunan Yesu Kristi Mai Cetonmu. Amin.

Sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci, in Ubangiji ya yarda. Ku huta lafiya.